Uwar Tsami

Ƙarfe ukun dare nake tashi a Lublin,
gari na barci, tanderuna kaɗai ke ido biyu.
Ƙanƙara ta toshe bakin ƙofa,
in ture ta da shebur, in shiga wajen kwaɓi.

A kan kanta akwai tulun da kakata ta bari,
uwar tsami, ta girme ni da shekara arba'in.
Kullum in ɗebi cokali uku in zuba wa sabon gari,
kafin asuba ya kumbura ya cika kwano.
Ita kuwa, ɗan ruwa, ɗan gari,
ta koma yadda take.

Tymek, ɗan Wiesława mai sayar da fure a kusurwa,
shi ke zuwa karɓar burodin gidansu,
ya ƙwaƙule ɓawon a hanya, ya kai musu saura.
Rannan ya daina zuwa.
Sai hotonsa ya zo, aka manna min a gilashi:
kai ba gashi, murmushin na nan da giɓinsa.

Muka yi layi a ɗakin wasan makarantarsu,
direban bas, limamin coci, 'yan kwana-kwana,
ni da gari har a gira.
Tsinken auduga aka ba ni,
na goga a kumatu ta ciki, dama da hagu,
na sa hannu a takarda.
Ban kai tsawon gasa bulo ɗaya ba.

Mu ɗari shida da wani abu.
Ba ko ɗaya.
Ashe kama da wane ba ta wane,
ɓargo ba ya duba maƙwabtaka.
Aka binne Tymek kafin furannin uwarsa su buɗe.

Na manta da takardar, rantsuwa ba kaffara.
Shekara bakwai.
Ina tsaka da kwaɓi waya ta yi ƙara,
na ɗauka da gwiwar hannu da kafaɗa.
Lucjan? Har yanzu kana kan bakanka?
Akwai yarinya, shekararta biyar, a wata ƙasa.
Suna? Ba a faɗa.
Gari? Ba a faɗa.

Tsoro dai na ji shi,
ni da ko allurar haƙori sai na rufe ido.
Na rufe shago kwana huɗu,
na bar wa ƙanwata tulun da dogon gargaɗi.
Suka sa ni barci, suka zuƙa daga ƙashin ƙugu.
Na farka kamar wanda santsi ya kayar a matakala,
na ce su nuna min.
Ya tafi, in ji ma'aikaciyar jinya,
wani saurayi ya rungume akwatin zuwa filin jirgi.

Mako uku, likita ya ce, zai mayar da kansa.
Na yi dariya har ƙuguna ya amsa.
Wannan karatun ai a kan kanta na koye shi.

Da bazara wasiƙa ta iso,
an shafe sunan da baƙin tawada.
Zanen kare ne, ko doki, ƙafa biyar,
da rana shuɗiya.
A ƙasa, rubutun babba, an fassara min:
jininta ya koma irin naka.

Ban haifa ba.
An ce zumunta a ƙafa take,
tawa ta bi ta ƙashi, ta hau jirgi ba ni.

Na kai wa Wiesława zanen da burodi mai zafi.
Ta daɗe tana kallo, ba ta ce komai ba.
Can ta goge hannu a jikin riga,
ta ce, doki ne.
Tymek ma haka yake yi musu ƙafa.